Abin da ya fito a bakin 'yata ba ƙurji ba ne

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, domin akwai wurin da ni kaina ban fita da kyau a cikinsa ba. Abin da ya sa na daure yau shi ne wata yarinya mai jego da na gani a gidan suna makon jiya. Ta buɗe wa tsofaffi bakin jaririnta suna leƙawa, kowace tana tofa albarkacin bakinta, sai na ji ɗaya ta ce, "A kira wanzami ya fasa shi tun bai yi ƙwari ba." Abincin da ke gabana ban ƙara kai loma ba.

Ni malamar firamare ce a wani gari a jihar Jigawa, ina kuma ɗan taɓa ɗinki a gida. 'Yata ta uku na haife ta da daminar 2015, lafiya lau, babu wata tangarɗa. Goggona ce ta zo ta zauna mini jego. Irin tsofaffin nan ne masu wankan jariri na gargajiya: in ta gama gasa jiki sai ta kama ƙafafun yarinya ta ɗaga ta kai a ƙasa, wai don ta miƙe. Wata safiya, kusa da arba'in, ina zaune ina kallo, sai na ga leɓen ƙasa ta ɓangaren hagu ya ciko ya yi duhu kamar nunanniyar ɗinya. Da Goggo ta miƙar da ita, a hankali ya sace. Na karɓe ta na janye leɓen. Can ciki, wajen da leɓe ya haɗu da kumatu, ga wani tabo shuɗi mai duhu, bai fi ƙwayar wake ba. Na danna da ɗan yatsa, ya lotsa kamar babu komai a ciki. Na saki, ya sake cika. Babu zafi, yarinya ko motsi ba ta yi ba.

Goggo ta ce tawadar Allah ce. Surukata, wadda muke kira Hajiya, ta ce, "Ke 'yar nan, kwaɗayi ne. Kin so ɗinya da ciki ba ki samu ba, kika shafa baki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini, don na tuna lallai na yi kwaɗayin ɗinya.

Tana wata bakwai na kai ta wani asibitin kuɗi. Likitan ya haska tocila, bai yi minti ɗaya ba ya ce hemanjiyoma ne, ƙari ne na jijiyoyin jini da jarirai kan yi, yakan girma sannan ya baje da kansa. "Malama, kafin ta shiga firamare kin neme shi kin rasa." Ranar har tsire na sayo wa yara don murna. Da ta shekara abin bai ragu ba, na koma, ya rubuta mana furofranolol. Asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne, ya kuma ja mini kunne kada in ba ta da yunwa, saboda yana iya saukar da sukarin jinin yaro. Wata shida ina auna magani safe da yamma. Ko gezau.

Ba na riƙe da mutumin nan a zuciya. Duk abin da ya faɗa game da hemanjiyoma gaskiya ne, kuma maganin na ƙwarai ne ga masu ita. Daga baya na karanta cewa a 2008 wasu likitoci a Faransa suka gano amfaninsa, bayan sun ba wani jariri saboda zuciyarsa suka ga ƙarin da ke fuskarsa yana motsewa. Abin dai shi ne 'yata ba hemanjiyoma gare ta ba. An ba mu sunan wata cuta, muka zauna jiran alƙawarin da ba namu ba.

Yarinya na girma, abin na girma tare da ita. Da ta kai shekara biyu da rabi ya kai girman dabino. In ta yi kuka sai ya kumbura leɓen ya karkace. Wajen cin abinci takan cije shi, ya ɗan yi jini ya tsaya. Wasu ranakun ta tashi da safe tana riƙe da kumatu tana kuka, in na lallaɓa sai in ji wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri a ciki kamar tsakuwa. Ga bakin mutane. A gidan biki a tambaye ka, a islamiyya a tambaye ka, a mota ma wanda ba ka sani ba sai ya rubuta maka magani. Wani ya ce sammu, wani ya ce kambun baka, wata ta rage murya ta ce, "Allah dai ya sa ba daji ba ne." Mun yi rubutu, mun yi tofi, mun shafa abin da na manta sunansa. Na fara sa mata hijabi babba tun ba ta isa ba, ina ja mata shi har haɓa.

Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako uku yana Kudu. Yana can Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yan asibiti sun yi nasu, shekara biyu. Yanzu a bar masu gado su yi nasu." Wanzamin gidanmu ne, shi ya cire wa yarana beli, shi ya yi wa babban kaciya. Ya zo ya duba ya ce mataccen jini ne ya taru, in aka ɗan tsaga aka matse shi ke nan.

A nan ne nake so in faɗi gaskiya. Shekaru ina ba da labarin kamar an fi ƙarfina ne. Ba a fi ƙarfina ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a can ƙasan raina ina so. Na gaji da kallo, na gaji da tambaya. Ina da takardar NCE, ina koyar da yara tsafta da kiwon lafiya, kuma ni na shimfiɗa tabarmar. Ni na riƙe mata ƙafafu.

Da hantsi ne, a tsakar gida. Aska ta ɗan taɓa wurin, abin da bai kai tsawon farce ba. Jinin bai yi tsartuwa ba, sai dai ya dinga tasowa baƙi-ƙirin, kamar idon rijiya, ana sharewa yana cikowa. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya barbaɗa garin magani, jini ya wanke shi. Ya matse, sai abin ya ƙara buɗewa. Ina kallon hannunsa na ga ya fara rawa, a nan na san babu lafiya. Yarinya tana haɗiyar jini tana shaƙewa, can ta yi amai ja-wur a kan zanena, kukan ma ya fara yin ƙasa. Hajiya sai salati take.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce, Allah ya sa ranar tana gida. Ihuna ya kawo ta. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta naɗe tsumma mai tsafta, ta sa yatsa ɗaya a cikin bakin ɗaya a waje ta matse leɓen tsakaninsu, ta zaunar da yarinya ta ɗan sunkuyar da ita gaba don kada jinin ya bi maƙogwaro. Ta ce, "Maman yara, kama nan. Ko me zai faru kada ki saki, kada ki leƙa." Haka muka hau babur mu uku, yatsuna a bakin 'yata har suka sage. An yi mata ɗinki, an ƙara mata leda ɗaya ta jini, ƙanin mijina ne ya bayar.

Da maigidana ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "An ce ke kika riƙe ta?" Na ce e. Bai ƙara cewa komai ba.

A asibitin da aka yi mata ɗinkin sun ba mu takardar tura mu Kano, sashen tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa. Wata takwas takardar nan tana ƙasan akwatina. In an tambaye ni sai in ce kuɗi, kuma akwai matsalar kuɗin. Amma babban abin tsoro ne. Ina ganin in na je za a ce daji ne, ko a tambaye ni wa ya yi wannan tsagar. Wurin ya warke, ƙarin kuwa yana nan daram, har ya fi da.

Ƙarshen 2018 muka tafi. Muka fita bayan asuba, muka sauka 'Yankaba, muka hau adaidaita, aka yanki kati, muka bi layi har azahar. Likitan da ya gan mu bai fara da buɗe baki ba, da tambaya ya fara. Yaushe kika fara gani? A watannin farko ya yi saurin girma sannan ya tsaya, ko a hankali yake bin girmanta? Ya taɓa raguwa? In ta yi kuka ko ta sunkuya fa? Na ba shi labarin wankan Goggo, sai na ga ya ajiye biro. Ya ce wa yarinya, "'Yan mata, yi mini ruku'u mu gani." Ta sunkuya, ya ƙirga kaɗan, ta ɗago leɓe ya cika tim. Ya ɗauko wani ɗan siririn gilashi ya danna a kan tabon, muna kallo launin ya gushe, ya ɗaga ya dawo. Ya ɗora yatsa ya yi shiru, ya ce yana jin ko yana harbawa kamar bugun zuciya. Ba ya harbawa. Ya taɓo 'yan tsakuwoyin nan. Sannan ya kira ɗalibansa suka kewaye mu.

"Malama, wannan ba hemanjiyoma ba ne," in ji shi. Ya juya bayan wata takarda ya yi mini zane. Hemanjiyoma, ya ce, ƙari ne da yakan bayyana a makonnin farko bayan haihuwa, ya yi girma da sauri cikin 'yan watanni, daga wajen shekara ɗaya ya fara ja da baya a hankali. Na 'yata kuwa jijiyoyi ne masu mayar da jini zuwa zuciya waɗanda tun a ciki ba su ginu daidai ba. Bangonsu ba shi da ƙwari, sai suka buɗe suka cukurkuɗe suka zama kamar jakunkuna, jini yana shiga ya kwanta. Shi ya sa yake cika in kai ya yi ƙasa. Tsakuwoyin nan jini ne da ya daskare ya taurare, ciwon safiya ma daga daskarewar yake. Da shi aka haife ta, tare za su girma, kuma ba ya tafiya da kansa. Furofranolol ba ya yi masa komai. Ya ce tun 1982 wasu masana a Boston ta Amurka suka raba waɗannan abubuwa gida biyu, amma har yau sunan hemanjiyoma ake liƙa wa kusan duk wani tabon jini.

Na tambaye shi ko daji ne. Ya ce a'a. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi maganar ɗinya. Bai yi mini dariya ba, murmushi kawai ya yi ya ce babu abin da na ci ko na ƙi ci da ya jawo shi, kuma galibi ba gadonsa ake yi ba. Ya ga tabon askar sarai, ya shafa shi da yatsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya kiyaye gaba. Mu kanmu nan ba ma yankar irin wannan don gwaji." A gaban ɗalibai na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ya ce abin da ido ke gani kamar ganyen rogo ne, sai an duba saiwar. Aka yi sikanin da ke nuna gudun jini, ya nuna a hankali yake tafiya, wanda ya ce shi ne mai sauƙin. Akwai irin da jijiyar da ke harba jini take shiga, wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba, akwai kuma irin da ruwa ne a ciki ba jini ba. Sai hoton MRI, wanda sai da aka sa ta barci don ba za ta iya kwanciya shiru a cikin na'urar ba. Kuɗinsa ne ya ci keken ɗinkina da kwasar adashina. Hoton ya nuna abin yana cikin leɓe da kumatu, bai kai harshe ko maƙogwaro ba. Likitan ya ce wannan abin godiya ne, domin na harshe da maƙogwaro in suka kumbura suna iya taɓa numfashi.

Ni tiyata na so, a cire a huta. Ya ce nata ba shi da iyaka bayyananniya, ya ratsa cikin naman leɓe. In aka ce sai an kwashe duka za a ɓata mata baki, ga zubar jini, kuma abin da aka bari zai iya sake cika. Akwai leza, wato ƙona shi da hasken na'ura, amma ta fi amfani ga na sama-sama. Shawararsu allura ce: a zuba magani kai tsaye cikin jakunkunan, ya ƙona bangonsu ta ciki, su manne su tsuke. Ba sau ɗaya ba. Sannan ya faɗi maganar da na tsana a ranar: "Rage shi za mu yi, ban ce miki zai tafi gaba ɗaya ba. Yana iya motsawa, musamman lokacin balaga." Na fito ina jin haushinsa. Wancan da ya yi mini alƙawari ya fi daɗin saurare.

Wani tashin hankalin a kantin magani ya same ni. Na miƙa takarda, mai kantin ya duba ya ce, "Biliyomaisin? Sannu Hajiya, wa ke da daji?" Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na koma asibiti a guje ina cewa sun ɓoye mini. Wata nas ta zaunar da ni ta ce gaskiya ne ana ba masu daji shi, amma a nan kaɗan ake sawa a cikin ƙarin kawai, kuma duk abin da aka ba ta ana rubutawa ana tarawa, don in ya yi yawa a jiki yana iya taɓa huhu. Ta ce in yanke mata farce, kada ta yi susa a kwanakin allurar, don yakan bar baƙin zane a fata.

Farkon 2019 aka yi ta farko, a ɗakin tiyata, an sa ta barci. Sun gaya mini zai kumbura, amma ji daban gani daban. Washegari rabin fuskarta ya haye, leɓe ya yi kamar zai fashe, miyau na zuba. Na ce a raina na sake kai ta an cuce ta. Koko mai sanyi nake ɗura mata da ƙaramin cokali ta gefen dama, da yogot, tana kallona da ido ɗaya. Kwana uku kumburin na hawa, sannan ya fara sauka. Bayan wajen mako shida na janye leɓen a hasken taga: wurin da ke lotsawa ya yi ɗan tauri ya motse. Na kira babanta yana hanya, na kasa magana, sai shi ke ta cewa, "Lafiya? Lafiya dai?"

An yi ta biyu a shekarar. Ta uku an sa mana watan Afrilun 2020, sai korona ta zo aka kulle Kano aka hana shiga da fita. Sai wajen ƙarshen shekara muka samu. Ana gobe za mu tafi, Hajiya ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi a kan gado, ashe tunkiyarta ta sayar. Ta ce, "Da ni za a je." Ta wuni a barandar asibiti da carbi, ko ruwa ta ƙi sha har aka fito da yarinya. Maganar wanzami ba ta taɓa haɗa mu ba, har Allah ya yi mata rasuwa. Ta huɗu a 2021 aka yi, daga nan suka ce a dakata a sa ido.

Da ta fara famfara hankalina ya sake tashi, kowane haƙori ya yi girgiɗi sai in kasa barci. Likitan ya ce hoton bai nuna ya shiga dasashi ko ƙashi ba, haƙoran su faɗi da kansu, amma duk ranar da za a cire mata haƙori ko a yi wani aiki a bakin, a fara nuna takardunta. Na yi kwafinsu uku. A jakarta ta makaranta kullum akwai bandeji mai tsafta a leda, na kuma nuna wa malamarta yadda maƙwabciyata ta nuna mini: a zaunar da ita, a matse ciki da waje, minti goma ba leƙe, in bai tsaya ba a wuce asibiti. Sau ɗaya aka yi amfani da shi, ranar da ƙwallo ta same ta.

Yarinyar gidan sunan nan na ja ta gefe na ba ta labarin a taƙaice. Na jaririnta ja ne jawur, ya taso a saman leɓe, ta ce bayan haihuwa da mako biyu ya fito kuma kullum ƙaruwa yake. Na ce mata wannan bai yi kama da namu ba, mai yiwuwa irin wanda magani ke yi wa aiki ne, kuma irinsa da wuri ake son farawa, amma ni ba likita ba ce. Na rubuta mata sunan sashen a bayan katin gayyata, na ce ta lura da abin da zai faru in ya yi kuka don za a tambaye ta. Na roƙe ta don girman Allah kada ta bari ƙarfe ya taɓa wurin.

'Yata yanzu ta shiga shekara goma sha ɗaya. Abin da ya rage bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sai ta janye leɓe za ka gani. Da azumi in ta daɗe a sujada wajen tarawihi yakan ɗan tasa, kafin mu iso gida ya kwanta. Sau ɗaya a shekara muke zuwa Kano. Ina ganin jikinta ya fara sauyawa, ina tuna maganar likita, na kuma sake shiga adashi ban gaya wa kowa dalili ba.

Kwanan baya tana gaban madubi ta kira ni. "Umma, wannan farin layin na allura ne?" Allura ba ta bar mata tabo a baki ba. Na ce mata tsaga ce aka yi mata tana ƙarama. Ta ce, "Wa ya yi?" Na ce wanzami. Ta taɓe baki ta ci gaba da ɗaura ɗankwali. Ban gaya mata wanda ya riƙe ƙafafunta ba. Ta iya karatu sosai yanzu, kuma wayar nan takan ɗauka in na shiga kicin.